Tsohuwar Ƙira ko Sabuwa? Darasi Daga Zaɓen Jirgin Tsere na Farko

A watan Maris na 2019, hukumar tseren jiragen iska ta duniya, World Sailing, ta tara ƙananan jirage iri huɗu a gaɓar birnin Balensiya na ƙasar Sifen. Laser ne, da RS Aero, da Melges 14, da D-Zero. Aka kawo gwanayen matuƙa maza da mata daga ƙasashe daban-daban, suka yi kwanaki suna hawa wannan suna sauka daga wancan, domin a fitar da jirgin mutum ɗaya da za a yi gasar Olamfik ta 2024 da shi. Da kwamitin gwajin ya gama lissafinsa, RS Aero ne ya zo na ɗaya, jirgin da a lokacin shekararsa biyar kacal a kasuwa. Bayan wata biyu majalisar hukumar ta zauna a Landan ta kaɗa ƙuri'a, sai ta zaɓi Laser da gagarumin rinjaye, jirgin da aka zana tun iyayenmu suna yara.

Wanda ya ci jarrabawa daban, wanda aka ba aikin daban. Na san wani zai ce ai wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. To amma a nan ba dogon hannu ba ne ya yi aiki, akwai dalili, kuma dalilin ne ya sa na ga ya dace in kawo batun cikin mujallarmu. Duk mai son fara wannan tsere sai ya yi irin zaɓen da hukumar ta yi, da kuɗin aljihunsa: ya sayi tsohuwar ƙira da kowa ya sani, ko sabuwa da ta fi ta a takarda? Mu da muke shirin fita daga makaranta da difloma a hannu, gobe za a ce mu zaɓa wa wani injin niƙa, ko janareta, ko famfon ban-ruwa. Tambayar ɗaya ce, kayan ne kawai suka bambanta. Jirgin tsere yana da daɗin koyon darasin da shi saboda komai nasa a fili yake, an auna, an rubuta, kuma agogo ne alƙali.

Wane irin jirgi ake magana?

Turawa suna kiransa dingi. Ƙaramin kwale-kwale ne na mutum ɗaya ko biyu, tsawonsa bai cika wuce mita huɗu zuwa biyar ba. Ba shi da inji. Yana da jigo a tsaye, da filafili, wato ƙyallen da ke kama iska, da wani allo da ake zura shi ta tsakiyar jirgin ya leƙa cikin ruwa kamar takobi, sai allon juyi a baya wanda shi ne sitiyarinsa. Manyan jiragen iska suna da dalma ko ƙarfe mai nauyi a ƙasa da ke hana su kifewa. Dingi ba shi da wannan. Nauyin jikin matuƙi shi ne ke riƙe shi, shi ya sa za ka ga mutum ya saƙala ƙafafunsa a wata ɗamara, ya kwanta ta waje, rabin jikinsa a kan ruwa.

Abin da ya fi ba sabon shiga mamaki shi ne jirgin yana iya tafiya wajen da iska ke fitowa. Ba kai tsaye ba, a karkace, kusan digiri 45 daga bakin iskar, yana yi yana sauya ɓangare kamar mai hawa tudu da jaki. Ƙyallen yana aiki ne irin na fiffiken jirgin sama: iska ta bi ta bayansa da gabansa, bambancin matsi ya haifar da ƙarfi. Yawancin ƙarfin nan gefe yake tura jirgin, allon takobin ya ƙi yarda, abin da ya rage ya zama tafiya gaba. Waɗanda suka yi kwas ɗin kimiyyar ruwa da iska sun ga zanen kibiyoyin nan a allo, a nan ne ake ganinsu da ido.

Laser: tsohon da ya ƙi ritaya

Bruce Kirby, ɗan Kanada, shi ya zana shi, tare da abokinsa Ian Bruce wanda ya ɗauki nauyin ƙerawa. Abin da suke nema tun farko mai sauƙi ne: jirgin da za a ɗora a saman mota a tafi hutun ƙarshen mako. An nuna shi ga jama'a a baje-kolin jiragen ruwa na birnin Niyok a 1971. Tsawonsa mita 4.2, gangar jikinsa kilo 59, an yi ta da faiba. Jigonsa bututun alminiyam ne guda biyu da ake cusa ɗaya cikin ɗaya, a zura ƙyallen a kai kamar safa, a dasa shi cikin wani rami a saman jirgin. Babu wayoyin da ke riƙe jigon. Shi ke nan.

Daga nan zuwa yau an ƙera fiye da 200,000. Ya shiga Olamfik a 1996, inda Robert Scheidt na Barazil ya ci zinare, Ben Ainslie na Birtaniya ya zo na biyu, sannan a 2000 suka yi musaya. A 2008 mata suka fara tasu gasar da shi. A 2024 a Marsel ta Faransa, Matt Wearn na Ostireliya da Marit Bouwmeester ta Holan ne suka ɗauki zinare, a kan gangar jiki mai siffar nan dai ta 1971. Sunan kawai ya sauya. Bayan wata taƙaddama tsakanin ƙungiyar masu jirgin da kamfanin da ke riƙe da sunan Laser, yanzu a hukumance ILCA ake ce masa, ko da yake a baki har gobe Laser ne, kamar yadda kowane garin wanki Omo ne a wurinmu.

Yana da aibi? Sosai ma. Kilo 59 ba wasa ba ne idan kai kaɗai za ka jawo shi daga ruwa zuwa tudu bayan ka gaji. Gefensa yana cin cinya idan ka daɗe a kwance ta waje. Allon juyinsa ƙarami ne, idan iska ta yi ƙarfi tana bugowa ta baya, jirgin yakan yi ta rawa hagu da dama har ya watsar da mutum. Tun da ƙyallen a zure yake a jigo, ba ka iya sauke shi a kan ruwa. Masu shi sun san duk wannan, suna ƙorafi, kuma gobe su sake hawa.

RS Aero: abin da shekara arba'in ta ƙara

Jo Richards, ɗan Birtaniya, ya zana shi, kamfanin RS Sailing ya fitar da shi a 2014. Tsawonsa mita huɗu, gangar jikinsa kilo 30. Rabin Laser ke nan. Jigonsa na kabon ne, ana ɗaga ƙyallen da igiya a sauke shi da igiya, kuma saman ƙyallen yana da faɗi maimakon ya tsuke kamar na da.

Yaya aka yi aka zubar da kilo 29? A nan ne 'yan sashen injiniya za su gyara zama. Idan kana son allo ya yi tauri, kauri ya fi komai tasiri. Allo guda mai ƙarfi ɗaya, idan ka ninka kaurinsa sau biyu, taurinsa wajen lanƙwasa yana ninkuwa sau takwas, amma nauyinsa ma ya ninku sau biyu. Dabarar ita ce ka samu kaurin ba tare da nauyin ba: fata siririya mai ƙarfi a sama, wata a ƙasa, a tsakiya soso mai tauri wanda kusan iska ce zalla. Fatun biyu su ɗauki ja da matsi, soson ya hana su haɗuwa. Tunanin da ke cikin ƙarfen gini mai siffar I ke nan, wanda aka cika mu da lissafinsa a shekarar farko. Aero an gina shi gaba ɗaya a kan wannan tsari, da gam na ifoksi, aka ƙara zaren kabon a wuraren da suka fi shan wahala.

Sai dai kada lambar nan ta rabi ta ruɗe ka. Jirgi ba ya tafiya shi kaɗai. Ɗora mutum mai kilo 75 a kan kowanne: Laser ya zama 134, Aero ya zama 105, ban da jigo da alluna. Bambancin da ruwa yake ji ya dawo kashi 22 cikin ɗari. Ba kaɗan ba ne, amma ba rabi ba ne. Inda rabin yake aiki da gaske shi ne a tudu, lokacin ɗauka da ja da ɗorawa a mota. Ga mace ko matashi marar jiki, wannan kaɗai yana iya zama abin da zai sa a fita ruwa ko a fasa.

A kan ruwa, sauƙin nauyi yana nuna kansa a wuri guda musamman. Jirgin da ke ture ruwa yana da iyakar gudun da tsawonsa ya yanka masa, domin igiyar ruwan da shi da kansa ya tayar tana riƙe shi. Ga mai tsawon Laser, iyakar tana wajen kilomita tara a awa. Hanyar wuce ta ita ce jirgin ya hau kan ruwan ya riƙa sulɓi, kamar dutsen da yara ke jefawa a kududdufi yana tsalle. Mai sauƙin nauyi yakan riga hawa, da iskar da ba ta kai ta ɗaga mai nauyi ba. Shi ya sa waɗanda suka gwada Aero suke yabon yadda yake zabura da zarar iska ta ɗan taɓa shi.

Sauƙin yana da nasa haraji. Fata siririya ba ta son dutse ko kaifin siminti, kuma gyaran kabon da ifoksi ba kowane mai faci ne zai iya ba. Jirgi marar nauyi iska tana iya ɗaga shi a tudu idan ba a ɗaure ba. Idan ya kife, yana yawo a saman ruwa sosai, iska ta yi ta tura shi, wanda ya saki igiya sai ya yi iyo da gaske kafin ya kamo shi. Kuma duk motsin da ka yi a ciki, jirgin ya ji. Gwani yana jin daɗin haka, ɗan koyo kuwa wanka yake sha.

To me ya sa tsohon ya ci zaɓe?

Saboda ba jirgi ake saya ba kawai, abokan tsere ake saya. Laser yana cikin rukunin da ake kira ƙira ɗaya. Dokar rukunin mai tsauri ce: duk abin da ba a rubuta an yarda ka canja ba, haramun ne ka taɓa shi. Gangar jiki, ƙyalle, alluna, duk daga masu ƙera da aka amince da su suke fitowa, a kan ma'auni ɗaya. Manufar ita ce idan an tashi tsere, a gane wa ya fi iya tuƙi, ba wa ya fi kuɗi ba. Aero ma ƙira ɗaya ne. Bambancin shi ne yawa da yaɗuwa. Ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da suka yi shekaru suna tara Laser ɗaya bayan ɗaya, suka horar da masu koyarwa a kansa, idan aka ce a sauya, duk jarin ya zama tarkace a rana ɗaya. Wakilansu sun yi wannan lissafin kafin su ɗaga hannu.

Kai ma da kake sayen na farko, lissafinka ke nan a ƙaramin sikeli. Kafin ka buɗe kowane talla, je kulob ɗin da za ka riƙa tsere, ranar da suke fita, ka ƙirga jiragen da suka shiga ruwa. Kada ka ƙirga waɗanda ke jibge a tudu cikin rufi, da yawansu masu su sun manta da su. Idan iri ɗaya ya kai goma sha biyar, sauran kuma ɗaya ɗaya ne, an riga an yi maka zaɓe. A cikin goma sha biyar ɗin akwai wanda ya fi ka kaɗan, da za ka bi bayansa ka ga inda yake zama da yadda yake jan igiya. Akwai wanda zai ara maka abin da ya karye. Akwai wanda zai saya idan ka tashi sayarwa. Wanda yake shi kaɗai da irin jirginsa, idan ya zo na ƙarshe bai san ko shi ne ko jirgin ba, idan ya zo na farko ma bai sani ba.

Ko a Legas haka abin yake. Kulob ɗin Lagos Yacht Club, wanda aka kafa tun 1932, an san shi da Lightning da Hobie 16, ƙirar 1938 da ta wajen 1970. Wanda ya sauka can da sabon jirgin da ba wanda yake da irinsa, zai sha kallo, amma tseren gaske yana wajen masu tsofaffin.

Idan kulob ɗin gauraye ne fa, kowa da irin nasa? A nan ake amfani da lambar daidaitawa. A Birtaniya tsarin da aka fi sani shi ne Portsmouth Yardstick, wanda hukumar RYA ke kula da shi. Kowane irin jirgi yana da lamba, mai gudu lambarsa ƙarama. Ana ɗaukar daƙiƙoƙin da ka yi, a ninka da 1000, a raba da lambarka. Ta babban Laser tana kewayen 1100, ta Aero mai matsakaicin ƙyalle tana kewayen 1065, kuma ana ɗan gyara su duk shekara. Mu gwada. Mai Aero ya gama a minti 54, daƙiƙa 3240 ke nan. Ninka da 1000, raba da 1065, ka samu 3042. Mai Laser ya iso bayansa da minti guda, daƙiƙa 3300, ninka da 1000, raba da 1100, ya ba ka 3000 cif. Wanda ya zo daga baya shi ya ci. Ka ga ashe ƙarin gudun da ka biya kuɗi mai yawa a kansa, alƙalami ya ƙwace shi a teburin alƙalai. Abin da ya rage maka shi ne daɗin tuƙin, kuma ban raina wannan ba, amma a san abin da ake saya.

Nauyinka kafin sha'awarka

Wannan ne wurin da samari suka fi faɗawa rami. Kowa yana son babban ƙyalle. Laser yana da uku a kan gangar jiki ɗaya: mai murabba'in mita 7.06, da mai 5.76, da mai 4.7, waɗanda yanzu ake kira ILCA 7 da 6 da 4. Aero ya fito da 5 da 7 da 9, daga baya aka ƙara 6, lambobin suna nuna kusan faɗin ƙyallen.

Lissafin na sikeli ne. Iska tana tura ƙyalle ta sama tana son kifar da jirgin, kai kana kwance ta ɗaya gefen kana mayar da shi. Ƙarfinka shi ne nauyinka sau nisan da ka fita. Mai kilo 60 yana da kashi uku cikin huɗu ne na abin da mai kilo 80 yake da shi, in tsayinsu ɗaya. Ita kuwa iska ba ta tafiya a hankali: idan gudunta ya ninku biyu, ƙarfinta a kan ƙyalle ya ninku huɗu. Don haka ƙyallen da ka ji daɗinsa da safe iska na kilomita 15 a awa, da la'asar ta kai 30 zai zame maka dokin da ba linzami. Babban ƙyallen Laser na mutanen da suka kai wajen kilo 75 zuwa sama ne. Na tsakiya ya fi dacewa da masu sittin da wani abu zuwa saba'in. Yawancinmu a nan, da irin cin garau-garau da muke yi a hostel, na tsakiyan ne namu, wasu ma ƙaramin. Ba abin kunya ba ne. Mai ƙaramin ƙyalle da jirginsa ke tafiya a miƙe yana wuce mai babba da ke fama da kifewa.

Daɗin abin, a duka jiragen biyu ba sai ka sake gangar jiki ba idan ka ƙara nauyi ko ƙwarewa. A Laser ƙyalle da ƙasan jigo kawai za ka canja.

Idan na hannu za ka saya

A nan tsohuwar ƙira take da babbar riba. Jirgin da aka yi fiye da 200,000 nasa, kasuwar na hannunsa tana da kowane farashi, daga wanda ya kusa sabo har wanda mai shi ke neman wanda zai raba shi da shi. Sabuwar ƙira ba ta da tsofaffi masu araha, domin ba ta daɗe ba balle su tsufa. Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, sai dai a duba kada a sayo wadda ta yi tsami. Tsohuwar ƙira daban, tsohon jirgi da ya gaji daban.

Fara da ramin jigo. Duk ƙarfin da iska ke yi a kan ƙyalle, a ɗan ramin nan yake sauka, kuma yashi yana shiga ya yi ta goge ƙasansa shekara da shekaru. Gwajin ba ya cin ko sisi: cika ramin da ruwa har baki, ka je ka duba wasu abubuwa, ka dawo. Idan ruwan ya ragu, akwai tsaga, kuma wata rana cikin iska mai ƙarfi jigon zai fasa saman jirgin ya faɗi. Ana gyarawa, amma aiki ne na yanka da faci daga ciki, sai a rage maka kuɗi sosai ko ka haƙura.

Sannan ka bi saman jirgin da tafin hannu kana dannawa, musamman inda ake zama da gaban wurin ƙafa. Saman Laser ma fata biyu ne da soso a tsakiya. Idan ka ji ya lotsa ko yana ƙara kamar busasshen ganye, fatar ta rabu da soson, taurin nan da muka yi lissafi ya tafi. Jirgi mai laushi yana shanye ƙarfin da ya kamata ya zama gudu. Buɗe toshiyar baya ka ɗaga goshin, ka ga ko ruwa zai fito. In da hali ka ɗora shi a sikeli. Wanda ya haura kilo 59 da yawa ya sha ruwa, kuma ba lallai ya bushe ba. Bi layin da sama da ƙasa suka haɗu ka nemi tsaga. Juya shi ka duba inda ya daɗe a kan amalanke, ko ya lotsa. Mirgina saman jigon a ƙasa mai laushi, lanƙwasasshe ba ya ɓuya. Duba wuraren da aka buga ƙusa a alminiyam, farin gari a wurin alamar ci ne.

Ƙyalle shi ne mai saurin mutuwa. Sabo yana da ƙarar takarda idan ka murza shi, tsoho laushi gare shi kamar zanin gado, ya buɗe, cikinsa ya koma baya, ba ya hawa iska yadda ya kamata. Don koyo ya isa. Ranar da ka fara jin haushin ana wuce ka, sabon ƙyalle shi ne abu na farko da zai ba ka bambanci, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin sabon jirgi ba. Lambar da ke jikin ƙyallen ita ce lambar jirgin, a jere ake bayar da su, don haka tana gaya maka kimanin shekarunsa. Tabbatar ta yi daidai da wadda ke jikin gangar. Tambayi kuma ko an sa masa sababbin igiyoyin sarrafawa masu kura da yawa, waɗanda doka ta yarda da su daga baya. Na asalin sai mai ƙarfi yake iya jansu a kan ruwa.

Kada ka kashe duk kuɗin a kan jirgin. Akwai amalanken ja, da rufi, da kuɗin kulob, da rigar ruwa. Rigar nan ba a ciniki a kanta, ko ka iya iyo kamar kifi, domin sandar ƙasan ƙyalle tana iya buga maka kai kafin ka faɗa. Mu da muke jin labarin haɗarin kwale-kwale a kogunanmu kusan duk damina ba ma buƙatar dogon bayani a nan.

Masu tashi sama, da masu katako

Akwai sababbin da suka wuce Aero nisa, irin su Moth da WASZP, masu fikafikai a ƙarƙashin ruwa da ke ɗaga gangar jikin gaba ɗaya sama. Bidiyonsu ne ke yawo a waya. A matsayin jirgin farko, a bar su. Mai koyon keke ba ya farawa da babur ɗin tsere.

Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai waɗanda suka girmi Laser, kuma su ne suka fi ba ni sha'awa a matsayina na mai shiga ɗakin ƙere-ƙere. Optimist, jirgin yara 'yan ƙasa da shekara 16, Clark Mills ya zana shi a Fulorida a 1947 domin uba da ɗansa su iya haɗa shi da falankin filawud a kan kuɗi kaɗan. Da yawa daga zakarun Olamfik a cikinsa suka fara. Mirror, wanda Jack Holt da Barry Bucknell suka zana, jaridar Daily Mirror ta tallata shi a farkon shekarun 1960, an yi fiye da 70,000. Yadda ake haɗa shi abin a koya ne: a yanka filawud bisa zane, a huda gefuna, a ɗinke su da wayar tagulla kamar ana ɗinkin ƙwarya, sannan a bi ɗinkin da ƙyallen faiba da gam. Ba ya buƙatar gwanin kafinta. Duk kayan aikin da ake nema muna da su a makarantar nan, kuma ruwa ba mu rasa ba, ga Tiga ga Kainji ga Shiroro. Masu neman abin da za su yi aikin kammalawa a kai a shekara mai zuwa, ga shi nan na ajiye muku. Sai dai filawud ɗin ya zama irin na ruwa, wanda aka manne da gam marar jin laima. Na kasuwa da ake silin da shi, sati biyu a ruwa zai buɗe kamar littafi.

In ni ne da kuɗin

Laser na hannu zan saya, mai tauri, wanda ramin jigonsa ya riƙe ruwa, da ƙyalle na tsakiya, in dai shi ne ya fi yawa a inda zan yi tsere. Shekarar farko ta karo ce da kifewa da goga jirgi a siminti. Gara a yi wannan a kan abin da tabo ɗaya ba zai hana ka barci ba, wanda kuma in ka sayar bayan shekara biyu ba za ka yi asara mai yawa ba, tun da wani ya riga ya ɗauki faɗuwar farashin.

Abu biyu ne za su sa in juya. Na ɗaya, idan kulob ɗin 'yan Aero ne suka cika shi, to hujjar yawa ta koma wajensu, sai a nemi na hannu a cikinsu. Na biyu, idan nauyin ɗauka shi ne matsalar, kamar mai ciwon baya, ko 'yar'uwa da za ta riƙa fita ita kaɗai ba mai kama mata, to kilo 30 ya cancanci kuɗinsa, domin jirgin da ba ka iya kai shi bakin ruwa ba zai koya maka komai ba. A kowane hali, roƙi mai shi ya bar ka ka hau na rabin awa, kuma ka kifar da shi da gangan kusa da gaɓa, ka ga ko za ka iya tayar da shi ka koma ciki ba tare da an taimake ka ba. In ka kasa a ruwa mai kwanciya, ka gwada ƙaramin ƙyalle ko wani jirgin kafin ka biya.